Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ƙaramar ma'aikaciya za ta katse babban likita a ɗakin tiyata?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma ban daɗe da komawa ɗakin tiyata ba, ɓangaren masu sa barci, a wani asibiti da ba zan ambaci sunansa ba. Kwanakin baya ana yi wa wata mata tiyatar haihuwa sai na ga jini ya taru da yawa a kwalbar zuƙa, bugun zuciyarta kuma yana ta hawa. Na buɗe baki zan yi magana, da na duba na ga duk manyana ne a wurin, sai na haɗiye. Allah Ya sa wani likita ya lura daga baya, aka ƙara mata jini, ta tashi. Amma har yau abin yana cina. Shin rashin kunya ne ƙarami ya katse babba a irin wannan wuri? In zan yi magana, yaya zan yi ba a ce na raina na gaba da ni ba? Kuma koyon wannan ake yi ko baiwa ce?

Amsa: Ƙanwata, Allah Ya ƙara wa matar lafiya, Ya raya abin da aka samu. Ba rashin kunya ba ne, yana cikin aikin da aka ɗauke ki ki yi. Ba kuma baiwa ba ce, koyo ake yi, a yi ta maimaitawa har maganar ta zauna a baki. Amma tun da kin yi tambaya uku, bari in bi ki a hankali.

Shiru ya fi tsada a ɓangarenku fiye da ko'ina a asibiti. Wanda aka yi wa allurar barci ba zai ce miki yana jin jiri ba, in kuma an ba shi maganin da ke sakin tsoka, ko numfashi wani ne ke yi masa. Ƙwaƙwalwa in ta rasa iskar oksijin na minti huɗu zuwa shida ta fara lalacewa. Mai cikin da ya kai wata tara kuwa, jinin da ke ratsa mahaifarta ya kai rabin lita ko fiye a kowane minti, don haka in mahaifa ta ƙi tsukewa bayan an ciro jariri, jini ba ya jiran a gama shawara. Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne, mace matashiya mai ƙarfi takan riƙe awon jininta daidai har sai ta zubar da mai yawa, zuciyar ce ke fara gudu tukuna. Ke nan abin da kika gani, kwalba ta cika kuma bugu yana hawa, shi ne alamar da littafi ya ce a nema. Idonki bai yi kuskure ba.

Mun saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A ɗakin tiyata wurin tsayuwa ne ke raba gani, ba shekaru ba. Mai wuƙa idonsa na cikin ciki, mai sa barci yana bayan labule tsakanin na'ura da fuskar majinyaci, ke kuma ke ce mai ganin kwalba, da audugar da aka jiƙa, da abin da ya ɗiga ƙasa. Babu wanda ya ga duka, komai furfurarsa.

Ki duba Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan kusa da ke a kan titin Zariya. An kafa shi a 1988, ya fara aiki a cikin Asibitin Murtala kafin ya dawo mazauninsa na yanzu, kuma tun 2002 ake dashen ƙoda a cikinsa. Kowane asibitin koyarwa irinsa a kan matakala aka gina shi: ɗalibi, sabon likita, mai neman ƙwarewa, sannan babban likita, haka ma a ɓangaren jinya. Matakalar nan tana da amfani, da ita ake horo, da ita ake sanin wanda zai ɗauki alhaki. Illarta guda ce, magana tana saukowa da gudu amma da ƙyar take hawa. Wannan ba ciwon Kano ba ne kaɗai, kuma ga labarin da ya sa duniyar masu sa barci ta daina ɗaukarsa da wasa.

Ranar 29 ga Maris 2005 aka shigar da wata mata mai suna Elaine Bromiley ɗakin tiyata a Ingila. Shekarunta 37, 'ya'yanta biyu, lafiyarta ƙalau, ƙaramin aiki za a yi mata a hanci. Da aka sa ta barci sai iska ta ƙi shiga, bututun numfashi kuma ya ƙi wucewa maƙogwaro. Manyan likitoci uku suka taru a kanta, biyu masu sa barci, ɗaya likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kowannensu ya daɗe a aiki. Suka yi ta gwada zura bututun, su cire, su sake, alhali oksijin ɗin jininta ya faɗi zuwa wajen kashi 40 cikin 100, ya kuma zauna a ƙasa na kusan minti ashirin. Abin da ya kamata a yi sananne ne, a huda wuya ta gaba a ba ta iska. Nas-nas ɗin ɗakin sun gane hakan. Ɗaya ta ɗauko kayan huda wuya ta ce ga su nan, babu wanda ya tanka mata. Wata ta buga waya ta nemi gado a sashen masu matsanancin rashin lafiya, da ta dawo ta faɗa sai aka dube ta kamar ta cika zaƙewa, ta koma ta soke. Elaine ba ta farfaɗo ba, ta rasu bayan kwana 13.

Binciken da aka yi bai samu jahili ko mugu a ɗakin ba. Ya samu ƙwararrun da hankalinsu ya maƙale a kan abu ɗaya har lokaci ya shige musu, ba a san takamaiman wanda ke jagoranci ba, waɗanda suka ga mafita kuma ba su san yadda za su sa a saurare su ba. Mijinta, Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne. Bai nemi a kori kowa ba, ya nemi a koyi darasi, kuma a 2007 ya kafa ƙungiyar da ke jan hankalin asibitoci ga wannan fanni.

Ba mamaki matuƙin jirgi ya gane ciwon da wuri, domin su suka fara ɗanɗanarsa. A 1977 jirage biyu suka yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerife, mutum 583 suka mutu, kuma a cikin jirgin da ya taso ba tare da cikakken izini ba an samu ƙaramin ma'aikacin jirgin da ya nuna shakka, amma babban matuƙi ya wuce. Daga irin waɗannan haɗurra aka fara horar da matuƙa yadda za su yi magana da juna, sannan wajen 1990 wani likitan sa barci a Jami'ar Stanford ta Amurka, David Gaba, ya ɗauko tsarin ya kawo ɗakin tiyata.

To, maganar kunya. Ba sai mun je Turai neman hujja ba, kullum muna ganinta a sahu. Liman in ya yi mantuwa, na baya ne ke tuna masa, maza su yi tasbihi, mata su yi tafi, kuma babu wanda ke kiran wannan raini. Kin san hadisin Zul-Yadaini da ke cikin Buhari da Muslim, ranar da Manzon Allah (SAW) ya sallame bayan raka'a biyu a sallar da take huɗu. Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar suna wurin, kwarjini ya hana su magana, sai Zul-Yadaini ya tambaya cikin ladabi ko an rage sallar ne ko mantuwa aka yi. Aka tabbatar, aka cika sallah, ba a tsawata masa ba. In an tuna wa mafificin halitta bai ɗauke shi raini ba, ban ga likitan da ya fi ƙarfin a tuna masa ba.

Yanzu yadda za ki faɗa. Kuskuren da ƙanana suka fi yi ba shiru ba ne ɗungurungum, hannunka-mai-sanda ne. A yi gyaran murya, a raɗa wa ta kusa, ko a ce "ko za a ɗan duba can?" ba tare da an fuskanci kowa ba. Wanda hannunsa ke cikin jini ba ya fassara habaici. Ki kira mutum ɗaya da sunan da kika saba kiransa, ki ɗaga murya yadda za ta ratsa takunkumi da ƙarar janareta, ki ba shi lamba: "Dakta, jinin kwalba ya kai lita ɗaya da rabi, bugun zuciya 130, ɗazu 90 ne." Babu zargi a cikin wannan, babu kuma abin musu, domin ba ra'ayinki kika faɗa ba, abin da ke gabanki kika karanto.

In bai amsa ba, kada ki ɗauka ya ji ya ƙyale ki, sau da yawa bai ji ba ne sam. Ki maimaita, ki ƙara da abin da kike tsoro da abin da kike so a yi: "Yallaɓai, hankalina bai kwanta ba, ina ganin jini take zubarwa. In aika a karɓo jini?" Tambayar ƙarshen nan tana da amfani, tana ba babba ƙofar da zai shigo ba tare da ya ji an kwance masa zani a kasuwa ba. In har wannan ma ta faɗi ƙasa, sai ki bar lallashi: "Dakta, a dakata, matar nan tana cikin haɗari, zan kira ƙarin hannu." Ki kuma kira ɗin, ko shugabar ɗakin tiyata, ko wani babban likita. "Ranka ya daɗe" da "yallaɓai" duk suna nan, ba a ce ki zubar da su ba. Abin da za ki zubar shi ne kewaye-kewaye.

Za ki ce to in na yi kuskure fa? Za ki yi, wata rana ki tayar da hankalin ɗaki a kan wayar na'ura da ta zame daga yatsa. Wataƙila a harare ki, wataƙila a yi miki dariya a ɗakin shan shayi. Ki auna wannan da abin da ke ɗaya gefen sikelin.

Akwai ɗabi'a ta biyu da nake so ki riƙe, ita ce mayar da magana. In zuciya ta tsaya, ɗaki yakan cika da umarnin da aka jefa sama: "A kawo adrenalin!" Wa zai kawo? Ko dai kowa ya zaci wani ya tafi, ko mutum biyu su zuƙo a yi allurar sau biyu. Daidai shi ne jagora ya kira suna ya faɗi magani da adadinsa, wadda aka kira ta maimaita da bakinta, in ta yi kuma ta ce "na ba da miligiram ɗaya, ƙarfe goma da minti bakwai." Ana danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, ana canza mai dannawa duk minti biyu saboda gajiya tana rage ƙarfin dannawar tun kafin mai yi ya ankara, ana maimaita adrenalin duk minti uku zuwa biyar. Babu kan da zai riƙe wannan lissafi yana kuma aiki da hannu, shi ya sa ake ware mai duba agogo yana faɗa da ƙarfi. Wannan aiki ne da ƙaramar ma'aikaciya za ta iya cewa "ni zan riƙe lokaci" tun ba a ba ta ba. Da a ce akwai mai kiran mintuna a kan Elaine, da wuya minti ashirin su wuce ba a farga ba.

Jagoran kuwa, in da hali, ya ja da baya ya bar hannunsa sake. Na san a yawancin asibitocinmu wannan gata ne. Ƙungiyar masu sa barci ta duniya tana son a samu aƙalla likitan sa barci biyar ga kowane mutum 100,000, Najeriya kuwa ko ɗaya ba ta cika ba, shi ya sa a garuruwa da yawa nas mai sa barci ce kaɗai a kan majinyaci. To ko mutum uku ne a ɗakin, a san wanda ke faɗa a ji, kuma shi ma ya riƙa tsayawa na 'yan daƙiƙu yana cewa: "Ga abin da nake zato, ga abin da muka yi, me na manta?"

A nan dole in juya ga manya, domin rabin tambayarki tasu ce. Akwai masu ganin tsawa ita ce ke sa yara su nutsu. An gwada wannan. A wani bincike da aka buga a 2019 a Amurka, an sa likitoci masu koyon sa barci cikin atisayen zubar jini, wasu tare da likitan tiyata mai ladabi, wasu tare da mai gatsali. Kimanin kashi 91 cikin 100 na rukunin farko sun yi aikin yadda ake so, a rukuni na biyu kuwa kashi 64 ne kawai. An ga makamancin haka a 2015 a Isra'ila a tsakanin masu kula da jarirai bakwaini. Wanda aka daka wa tsawa hankalinsa yana rabuwa biyu, rabi a kan majinyaci rabi a kan kare kansa, gobe kuma ko ya ga wuta ba zai ce hayaƙi ba. Ɗaga murya don a ji daban, wulaƙanci daban. A ganina babban da ma'aikatansa ke tsoron gaya masa gaskiya ya rage wa kansa idanu ne da hannunsa.

Saboda haka ne takardar tantancewa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta sa wani abu da mutane ke rainawa: kafin a sa wuƙa, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, a kuma tambayi jinin da ake zaton za a zubar. An gwada ta a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace suka sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Bakin da ya riga ya buɗe sau ɗaya a ɗaki ya fi sauƙin sake buɗewa. Abin takaici, a wurare da dama takardar ta koma abin da ake cikewa bayan an gama ɗinki don fayil ya cika. In haka ake yi a wajenku, asarar tawada ce kawai.

Kada kuma ki zaci magana ta ƙare a ƙofar tiyata. Wani babban bincike da aka buga a 2018, wanda ya bi majinyata sama da 11,000 a ƙasashen Afirka 25 har da Najeriya, ya nuna cewa wanda aka yi wa tiyata a nahiyar nan haɗarin mutuwarsa ya ninka na matsakaicin duniya sau biyu, duk da cewa majinyatanmu sun fi ƙuruciya. Mafi yawan mutuwar kuma ba a kan tebur take faruwa ba, a kwanakin da ke biyo baya ne, a kan gado. Wato sau da yawa rai yana rataye ne a kan wayar da nas za ta buga wa likita da ƙarfe biyun dare. "Dakta, mai gado na huɗu ba ta jin daɗi" ba ya tayar da wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Ki shirya kafin ki buga: wace ce, me ke faruwa yanzu, me aka yi mata, me kike zato, me kike so. "Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa da yamma ce, awon jininta ya sauka zuwa 80 bisa 50, bugu 125, cikinta ya kumbura, ina zaton jini ne a ciki, ina so ka zo yanzu." Ki rubuta lokacin da kika kira.

Sai dangi da ke tsaye a baranda. Yawancin rigimar da ake yi da su daga shiru take farawa, awa uku babu wanda ya leƙo. A wakilta mutum ɗaya ya riƙa fitowa, ya nemi miji ko babban da ke cikinsu, ya yi musu Hausar da za su gane. Kada a ce "ba komai" alhali da komai. "Ta zubar da jini da yawa, muna ƙara mata, muna buƙatar mutum biyu su je a gwada jininsu yanzu" ya fi kwantar da hankali, domin ya ba su abin yi bayan addu'a.

Game da abin da ke cin ki, kada ki bar shi a ciki. Ki samu likitan nan da ya lura, ko shugabarku, ki ce kin ga alamar tun da wuri amma kin rasa yadda za ki faɗa, ki tambaye su yadda suke so a riƙa sanar da su. Ki kuma ba da shawarar a riƙa tsayawa minti biyar bayan kowace gaggawa a tambayi me ya tafi daidai, me ya kawo jinkiri, ba wa ya yi laifi ba. Atisaye ma ba sai da na'urar miliyoyi ba. A Ruwanda an fara wani kwas a 2018 da aka tsara musamman don asibitoci masu ƙarancin kaya, da 'yar tsana da mutane masu kwaikwayon majinyaci da dangi. Gado ɗaya da rabin awa a ranar da aiki ya yi sauƙi sun isa ku gwada zubar jini bayan haihuwa, kowa ya ji yadda muryarsa take fita.

Ga manyan likitoci da shugabannin jinya masu karanta wannan shafi, roƙona ɗaya ne: kafin a fara kowane aiki ku ce da bakinku, "duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya faɗa, ko ɗalibi ne," in an faɗa kuma ku ce an gode ko da ba daidai ba ne. Ke kuma ƙanwata, gobe in kin shiga, ki faɗi sunanki da ƙarfi lokacin tantancewa, ki tsaya inda za ki ga kwalba da na'ura, in lamba ta canza ki kira suna ki faɗe ta. Allah Ya taimake ku a kan wannan aiki.